Giyabos na otomatik da jan tirela: a ina za a fara gyara?

Manomi daga Saminaka:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shekara biyu ke nan da na sayi a-kori-kura ƙirar Chevrolet Silverado 1500 ta 2003, 'yar Kwatano, mai injin lita 5.3 da giyar otomatik, kuma mai ja da taya huɗu ce. A bara na sa masu walda suka haɗa mini tirela mai aksul biyu, wadda nake loda wa masara in kai wa masu haɗa abincin kaji a Jos. Idan motar ba ta ɗauke da kaya, ba ni da abin cewa a kanta. Amma da zarar na ɗaura tirela na wuce Jengre, hanya ta fara hawa, sai giya ta shiga kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu, ta hau ta sauko, ta kasa tsayawa wuri ɗaya. A makon jiya kuma na lura cewa idan za ta tashi daga ta biyu zuwa ta uku, allurar juyin inji tana yin sama na ɗan lokaci kafin giyar ta kama. Wani ya ce in sa mata shif-kit, wani kuma ya ce in sauke giyabos ɗin gaba ɗaya in ɗora wanda ya fi shi girma. Kaka ta gabato, don haka ina so in san inda ya kamata in sa kuɗina.

Makanike, Panteka:
Wa alaikumus salam, Alhaji. Kafin kowa ya faɗa maka abin da za ka saya, akwai abubuwan da ya kamata mu ji daga bakinka. Buhu nawa kake lodawa a tirelar, kuma kana ƙara wasu a bayan motar? Wane lamba ne a jikin tayoyinka? Yaushe aka canza man giya, kuma wane iri aka zuba? Sannan ka buɗe akwatin da ke gaban kujerar fasinja, za ka ga wata farar takarda manne a ciki mai ɗauke da jerin lambobi masu haruffa uku-uku, ka karanto mana su. A ƙarshe, a bakin sandar giya akwai wani maɓalli da aka rubuta wa Tow/Haul, ina so in ji ko ka taɓa danna shi.

Manomi daga Saminaka:
Na gode, Oga. Buhu 35 nake sa wa tirelar, kowane kilo 100, kuma nakan jefa takwas a bayan motar. Tayoyin 285/75R16 ne, ni na sa su saboda ramukan hanyar gona, amma waɗanda na tarar a kanta 245/75R16 ne. Man giya kuwa wani mai gyara na bakin hanya ya canza mini shi wata bakwai da suka wuce, daga cikin jarka ya zubo shi, abin da na sani kawai shi ne ja ne. A takardar na ga M30, na ga GU6, na ga G80. Maɓallin kuma ban taɓa danna shi ba, domin na ɗauka na fitila ne.

Injiniya mai ritaya, Zariya:
Alhaji, Allah ya ba ka haƙuri da abin da zan faɗa, amma amsoshinka sun riga sun warware rabin matsalar. Lambar M30 tana nufin giyabos ɗinka 4L60E ne, wanda ya samo asali daga giyabos 700R4 na shekarar 1982, aka mayar da shi mai aiki da kwamfuta a manyan motoci tun 1993. GU6 kuma tana nufin aksul ɗinka na baya 3.42 ne, wato sai farfela ta juya sau 3.42 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da GT4 ka gani da 3.73 ne, da GT5 ce da 4.10 ne, kuma waɗannan biyun su ne masu jan kaya suka fi so. G80 ba ta shafi maganarmu ba, na'urar kulle tayoyin baya ce idan ɗaya ta fara sulɓi.

Yanzu mu yi lissafi. Buhu 35 tan 3.5 ne. Tirelar walda mai aksul biyu da wuya ta gaza kilo 900, ga kuma kilo 800 a bayan mota, ban da kai da yaranka. Abin da aka ƙayyade wa irin wannan mota ta ja yana tsakanin tan 3 da tan 4 ne, gwargwadon aksul da ƙirar jiki, kuma mai 3.42 tana can ƙasan wannan ma'auni. Ka ga tun kafin ka tayar da inji ka riga ka ɗora wa jaki kayan raƙumi.

Sai batun taya, wanda mutane da yawa ba sa kawo shi cikin lissafin giya. Tsayin 245/75R16 kusan santimita 77 ne, na 285/75R16 kuma kusan 83, bambancin ya doshi kashi 8 cikin ɗari. Babbar taya tana cin ƙasa da yawa a kowane juyi, saboda haka aksul ɗinka na 3.42 ya koma yana aiki kamar 3.17. Giya ta huɗu a wannan giyabos 0.70 ce, ta uku kuma 1.00. Idan kana tafiyar kilomita 80 a awa a giya ta huɗu, injinka yana juyi kusan 1,200 ne kawai a minti, kuma injin fetur mai lita 5.3 ba shi da ƙarfin jan tan biyar a wannan juyin. Kwamfuta sai ta sauko da shi ta uku, juyi ya koma kusan 1,750, mota ta ɗan samu numfashi, kwamfuta ta ga sauƙi ya samu ta mayar da shi ta huɗu, ƙarfi ya sake ƙarewa. Wannan shi ne kai-komon da kake ji bayan Jengre. Giyabos ɗin yana yin abin da aka tsara masa ne a cikin yanayin da ba a tsara shi dominsa ba.

Ɗan'uwanku a Texas:
Ina gaida Baba Injiniya, lissafinsa daidai ne. Ni a nan nake zaune, kuma irin waɗannan motoci sun cika ko'ina, ana jan jiragen ruwa da tirelolin dawaki da su, saboda haka gyaran 4L60E sana'a ce mai zaman kanta. Bari in yi wa Alhaji bayanin shif-kit ɗin da aka ambata masa. A ƙarƙashin giyabos akwai gidan bawul, wani allon alminiyom mai hanyoyin mai kamar gidan tururuwa, shi ne yake aika mai zuwa kulocin da ya kamata ya kama. Kamfani ya tsara shi ne yadda giya za ta shiga a hankali ba tare da fasinja ya ji ba, kuma wannan laushin ana samun sa ne ta hanyar barin kuloci ya ɗan yi sulɓi kafin ya damƙe. Idan mota ba kaya, sulɓin ba ya cutarwa, amma idan akwai tan huɗu a baya, kowane sulɓi zafi ne da cin fatar kuloci. Shif-kit, irin na TransGo ko kayan gyaran bawul na Sonnax, sifirin ne da bawuloli da umarnin faɗaɗa wasu ramuka a farantin da ke tsakanin gidan bawul da jikin giyabos, domin mai ya isa da sauri kuma da matsi. Ana haɗa shi da sarbo, wato fistin da mai yake turawa, irin na motar Corvette, wanda fistin ɗinsa yake da faɗin wurin turawa, yana matse ɗamarar giya ta biyu, wato bel ɗin da ke damƙe wata ganga a cikin giyabos, da ƙarfi.

Amma ra'ayina shi ne, idan jan masara ne aikin motar na dindindin, a daina wahala da 4L60E. A nemo 4L80E, wanda aka riƙa sa wa manyan motoci ƙirar 2500 na wancan zamanin, jikan tsohon giyabos TH400 ne, ya fito a 1991, kuma komai na cikinsa ya fi kauri. Mutane da yawa a nan sun yi wannan canjin sun huta.

Makanike, Panteka:
Yallaɓai na Texas, bayaninka a kan aikin shif-kit babu gyara a cikinsa, amma ban yarda a sa wa motar Alhaji shi yanzu ba, kuma ga dalilina. Kai-komo tsakanin ta uku da ta huɗu, kamar yadda Injiniya ya nuna, ba ciwo ba ne. Abin da ya dame ni shi ne ɗaya alamar, wato tashin allura tsakanin ta biyu da ta uku. A wannan giyabos, idan za a shiga ta uku, ɗamara ce take saki, jerin kulocin da muke kira 3-4 kuma ya kama a daidai wannan lokacin. Idan allura ta yi sama a tsakani, ma'anarsa ɗamara ta saki amma kulocin bai riƙe ba, ko dai fatarsa ta cinye, ko kuma mai yana zurarewa ta wani wuri kafin ya isa gare shi. Wannan jerin kulocin ƙarami ne, kuma shi ne yake fara ƙonewa a yawancin waɗanda nake buɗewa.

Idan aka ƙara matsin mai a kan kulocin da ya riga ya cinye, tashin allurar zai ɓace na wata ɗaya ko biyu, mai mota ya yi murna, sannan wata rana a tsakiyar hawa giya ta uku da ta huɗu su tafi gaba ɗaya, a bar shi da ta ɗaya da ta biyu. Na ga wannan fiye da sau ɗaya, kuma shi ne garin gyaran gira a rasa ido. Matakin farko shi ne a sauke kwanon mai a duba abin da ya kwanta a cikinsa, a kuma sa kwamfuta a karanta lambobin matsala.

Game da 4L80E kuwa, a wurinku abu ne na kwana biyu, a wurinmu kuma aikin wata ne. Ya fi tsayi da nauyi, don haka sai an gyara farfela ta baya da ta gaba, sai an matsar da ƙarfen da yake zaune a kai, sai an sauya wayoyi a soket, sai kuma an sake rubuta wa kwamfutar motar tsarin giya. Motar Alhaji mai ja da taya huɗu ce, kuma sandar da ke fita daga 4L60E haƙora 27 gare ta, ta 4L80E kuma 32, saboda haka akwatin raba ƙarfi tsakanin tayoyin gaba da na baya ma sai an taɓa shi. Walda da ƙarfe ba su gagare mu ba. Rubutun kwamfutar ne abin ji, domin idan wanda ya yi shi ya kuskure, babu wanda Alhaji zai kai wa ƙara a Saminaka.

Dillalin kayan gyara, Kofar Ruwa:
Ranka ya daɗe Alhaji, bari in faɗi abin da ya shafi kasuwa. 4L60E ɗan Beljiyom ana samun sa, domin shi ne a cikin Tahoe da Suburban da Yukon na waɗannan shekarun, idan babu a Kano ana aikowa daga Ladipo a Legas. Sai dai abu biyu. Na farko, sunan ɗaya ne amma cikin ba ɗaya ba ne, domin an yi ta sauya shi daga shekara zuwa shekara, wanda aka cire daga motar tsakiyar shekarun 1990 ba zai zauna a bayan injin 5.3 ba, kuma na mai ja da taya biyu wutsiyarsa daban take da na mai taya huɗu. Na biyu, giyabos ɗin da aka ciro daga motar da ta haura shekara ashirin, babu wanda ya san irin wahalar da ya sha, mai yiwuwa kulocinsa ya fi naka lalacewa. 4L80E kuwa sai an yi cigiya, kuma mai shi ya san abin da yake riƙe da shi.

Man da aka zuba maka daga jarka shi ma ya tsaya mini a rai. Launin ja ba shaida ba ce, domin rini ne. Wannan giyabos an yi shi ne a kan man Dexron III, daga baya kamfanin ya fito da Dexron VI wanda ya maye gurbinsa kuma ya fi jure zafi. Ka saya a rufaffiyar roba a wurin wanda ka yarda da shi, ka tsaya a buɗe a gabanka. Idan kwano kawai aka sauke, kusan lita 5 zai ci, amma duka giyabos ɗin da kwanbata, wato ƙullin da ke tsakanin inji da giya, suna ɗaukar sama da lita 10, wato canji ɗaya ba ya fitar da tsohon mai duka.

Idan kuma za ka ji shawarar ɗan kasuwa, ka sayar da ita tun tana tafiya da ƙafarta, ka sayi ƙaramar Canter mai giyar hannu. Buhu arba'in aikinta ne, kuma kowane gari akwai mai gyaranta.

Manomi daga Saminaka:
Malam, shawarar Canter ta shiga kunnena, amma hanyar gonata idan damina ta yi nisa sai mai ja da taya huɗu, kuma ba ni da halin riƙe mota biyu. A taimaka mini a kan wadda ke hannuna.

Direba daga Maraɗi:
Salamu alaikum. Ni ba makanike ba ne, amma na shekara goma sha ɗaya ina jan tankin ruwa da tirelar dabbobi da motocin otomatik a ƙasar da zafin watan Afrilu yake haura digiri 40, kuma abin da na koya shi ne hannun direba yana kashe giyabos kafin nauyi ya kashe shi. Alhaji, daga yau idan ka ɗaura tirela, ka danna wancan maɓallin na Tow/Haul. Aikinsa shi ne ya sa kowace giya ta daɗe kafin ta miƙa wa ta gaba, ya kuma sa shigarta ta yi ƙarfi. Idan ka iso hawa, kada ka jira kwamfuta ta yi maka tunani, ka jawo sandar daga D zuwa 3 da hannunka ka bar ta a nan. Injin zai yi ƙara, zai kuma ƙara shan fetur kaɗan, amma wannan ƙarar ba ta cutar da shi.

Wajen gangara ma haka ne, har ya fi muhimmanci. Idan sandar tana kan D ka ɗaga ƙafa daga totur, motar sakin jiki take yi, birki kaɗai ke riƙe ta. Idan tana kan 3 ko 2, injin yana taya ka riƙewa. Duk wanda ya taɓa sauka Hawan Kibo da kaya ya san warin birkin da ya ƙone. Ina kuma da tambayar da ban ga an yi ba: tirelar nan da masu walda suka haɗa, tana da birki nata na kanta? Idan babu, to tan huɗu da ɗoriya ne suke tura ka daga baya, kuma wannan ya fi batun giya gaggawa.

Injiniya mai ritaya, Zariya:
Malam direba ya taɓo inda nake so in je, wato zafi. Mafi yawan zafin giyabos na otomatik daga kwanbata yake fitowa, wato wannan ƙullin da ke tsakanin inji da giya wanda yake miƙa ƙarfi ta hanyar juya mai. A cikinta akwai kulocin da yake kulle ta idan tafiya ta daidaita, ƙarfi ya wuce kai tsaye ba tare da an dama mai ba. Duk lokacin da giya take kai-komo, kullen yana buɗewa, kwanbata tana dama mai a ƙarƙashin nauyi, zafi yana hauhawa. Man giya yana son zama tsakanin digiri 80 da 95. Idan ya riƙa kaiwa 120 yana daɗewa a can, yakan yi baƙi, robobin da ke tare mai su taurare, matsi ya ragu, kuloci ya fara sulɓi, sulɓin kuma ya ƙara zafi.

A takardar da Alhaji ya karanto babu KNP, lambar da ke nuna an sa wa mota ƙarin kula, wato na'urar sanyaya man giya, tun daga kamfani. Wato abin da yake sanyaya mansa kawai shi ne ɗan bututun da ke cikin tankin lagireto. Don haka kafin shif-kit, kafin komai, a sa babbar kula mai faranti jere a gaban lagireto, inda iska take bugawa. A haɗa ta yadda mai zai fito daga giyabos ya bi ta lagireto tukuna, sannan ya shiga sabuwar kular, sannan ya koma.

Makanike, Panteka:
Baba Injiniya, a kan kula muna tare, amma a kan bi ta lagireto ina da ja, tare da girmamawa. Wannan tsarin an yi shi ne har da tunanin ƙasashen sanyi, inda ruwan inji yake taimakawa wajen ɗumama man giya da safe. Mu a nan ba mu da wannan buƙatar sai 'yan kwanakin hunturu. Kuma lagireton da ya shekara ashirin, bututun cikinsa yana iya fashewa, ruwa ya shiga man giya ya mayar da shi kamar kunun gyaɗa mai ruwan hoda. Fatar kuloci da gam aka manna ta, idan ruwa ya taɓa ta saɓulewa take yi, kuma daga nan babu sauran magani sai buɗewa. Ni nakan toshe na lagireton in bar babbar kula ita kaɗai.

Injiniya mai ritaya, Zariya:
Hujjarka ta fashewar bututu gaskiya ce, amma maganinta sabon lagireto ne. Ka tuna inda Alhaji yake shan wahala, wato a hawa, da kaya, yana tafiyar kilomita 30 ko 40 a awa. A wannan gudun iskar da ke ratsa kula kaɗan ce, alhali ruwa yana ɗauke zafi fiye da iska nesa ba kusa ba. Mai da ya fito daga kwanbata yana iya fin ruwan lagireto zafi sosai, saboda haka lagireton ne yake fara sare masa kaifi, kular ta ƙarasa. Idan za ka toshe shi, to sai kular ta zama babba ƙwarai kuma ka sa mata fanka nata. Ba sai mun yi ta gardama ba, domin a cikin giyabos ɗin akwai na'urar auna zafin mai, kuma ƙaramar na'urar gwaji da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari tana nuna shi. A gwada a hanyar Jos a ga lamba.

Ɗan'uwanku a Texas:
Na janye maganar 4L80E, domin ban yi la'akari da batun rubutun kwamfuta a gida ba. Ina so in ƙara abu ɗaya kafin a buɗe komai. Matsin mai a wannan giyabos kwamfuta ce take ƙayyade shi, bisa abin da na'urar auna iska da na'urar totur suke gaya mata game da nauyin da inji yake ɗauke da shi. Idan ƙurar harmatan ta rufe na'urar auna iska, za ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya, kwamfuta ta rage matsi a lokacin da ya kamata ta ƙara. A wanke ta da maganin da aka yi dominta, a duba matatar iska. Haka kuma idan wata rana motar ta maƙale a giya ta uku tun daga tashi, kada a yi saurin cewa giyabos ya mutu, domin haka yake yi idan wuta ta daina isa ga solonoyid ɗinsa, wato bawulolin lantarki da kwamfuta take canza giya da su, kuma sau da yawa fis ne ko makunnin mota.

Manomi daga Saminaka:
Jama'a, na dawo da rahoto bayan kwana goma. Na kai motar Kaduna an sauke kwanon mai a gabana. Man ya yi duhu kamar shayin da ya daɗe a wuta, yana warin ƙuna, kuma a ƙasan kwanon akwai baƙin laka mai kauri. A jikin maganaɗisun akwai laushin gari kawai, babu gutsattsarin ƙarfe. Kwamfuta ta nuna lamba P1870. An sa sabuwar matata da mai na rufaffiyar roba, an wanke na'urar iska, na kuma gwada hanyar Jos da buhu 20 kawai, da maɓallin a danne, sandar a kan 3. Kai-komon ya tafi gaba ɗaya, amma zafin mai ya kai digiri 112 kafin in gama hawa, kuma tashin allurar yana nan, ko da yake ya ragu. Malam direba, tirelar ba ta da birki, kuma na ji kunyar amsa maka tun ranar.

Makanike, Panteka:
Alhamdu lillahi da babu ƙarfe, domin hakan yana nuna haƙoran ciki lafiya suke. Baƙin lakar nan fatar kuloci ce, Alhaji, kuma abin da ya zube a kwano ba ya komawa wurinsa. P1870 tana nufin kwamfuta ta ga sulɓi a lokacin da kwanbata ya kamata ta kasance a kulle, kuma a wannan giyabos yawanci ramin bawul ɗin da ke kula da kullen ne yake cinyewa a cikin gidan bawul, mai ya riƙa zurarewa. Ka ga ashe kana cikin zafi ta fuska biyu.

Shawarata ita ce a sauke shi yanzu, tun yana gyaruwa da araha, kada a jira ya zube a hanya. Idan an buɗe, a sa sabon jerin kulocin 3-4 mai inganci da farantansa na ƙarfe, a sa sabuwar ɗamara, a duba gangar da take kamawa ko ta yi santsi ko ta ƙone. Akwai wani kwanon ƙarfe da ake kira sanshel, wanda idan haƙoransa suka tsinke ake rasa ta biyu da ta huɗu da ribas lokaci ɗaya, a canza shi da mai kauri tunda an riga an isa wurin. A gyara ramin bawul ɗin da kayan da aka yi dominsa, a sauya fistin ɗin roba na akumuleta, wato abin da ke tausasa shigar giya, da na alminiyom, a kuma sa wata kwanbata, domin tsohuwar cike take da wannan lakar kuma ba ta wankuwa da kyau. A busa bututun kula a wanke su, in ba haka ba dattin zai dawo cikin sabon aiki. A wannan lokacin ne shif-kit da sarbon Corvette suke da amfani, kuma ko a nan a zaɓi matakin jan kaya, kada a faɗaɗa ramuka har giya ta riƙa dukan mota, domin dukan yana sauka ne a kan farfela da aksul.

Injiniya mai ritaya, Zariya:
Na goyi bayan jerin Oga. Abin da ya rage shi ne aksul. Mayar da shi 4.10 zai sauƙaƙa wa giyabos ƙwarai, amma a mota mai ja da taya huɗu dole a canza gaba da baya tare, kuma daidaita haƙoran aksul aiki ne na ma'auni wanda ba kowa ya iya ba. Hanya mai arha ita ce komawa taya 245, ka dawo da kashi takwas ɗin da ka rasa, agogon gudunka ma ya daina yi maka ƙarya. Ka nemi mai ƙarfin ɗaukar kaya wadda aka rubuta wa LT a gaban lambarta. Kayan tirela kuma ka tsara su yadda kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta zai sauka a kan ƙugiyar mota, domin idan baya ya fi nauyi tirela takan fara lilo, kuma wannan nauyin na ƙugiya yana cikin abin da bayan motar yake ɗauka, saboda haka buhu takwas ɗin nan su sauka.

Manomi daga Saminaka:
Na gode muku duka, Allah ya saka da alheri. Na yanke shawarar a sauke giyabos ɗin ranar Litinin, kuma zan bi tsarin Baba Injiniya na bi ta lagireto, amma da sabon lagireto, domin in kwantar wa Oga da hankali. Tayoyin 285 zan ajiye su don damina. Buhu 25 zan riƙa ɗauka, in yi sawu biyu idan ta kama. Saura birkin tirela: masu waldan sun ce aksul ɗin da suka sa mini na tsohuwar bas ne, gangunan birkinsa suna nan a jiki, ba a dai haɗa su da komai ba. Malam direba, a wurinku yaya kuke haɗa irin wannan, da na'urar da ke matsawa da kanta idan tirela ta turo ƙugiya, ko kuwa sai na nemo aksul mai birkin lantarki?